Kunun Kanwar Inna

Na san abin da ake faɗa a kaina a dangi. Tun kuna ƙanana kuke jin gwaggwanninku suna cewa ni ce 'yar bokon da ta gudu daga gidan ubanta ana tsakiyar wankan jego, ta bar tukunya a kan wuta, ta kunyata uwarta a idon mutanen unguwarmu Ƙofar Marusa. Ban taɓa musawa ba, don rabin maganar gaskiya ce, ni kuma ba ni da bakin jayayya da mata goma a gidan biki. Amma yanzu gwiwa ta fara ƙi, ido yana ja da baya, waɗanda suka san ɗaya rabin kuma duk sun riga mu gidan gaskiya. Idan na yi shiru har tawa ta zo, labarin gwaggwanninku ne zai zauna, shi ya sa na ɗauko biro.

A cikin kanwa na tashi. Babana fataucinta yake yi. Motoci ke kawo masa ita daga ƙasar Nijar, a jibge a zaure har ta kusa taɓo azara, ja daban, fara daban, ungurnu kuma tana can lungu a rufe da tabarma saboda ita ce ta magani. Bangon zauren nan kullum fari fat yake, duk wanda ya jingina da shi sai ya tashi da shaida a bayan riga. Yawancin masu saye Fulani ne na wajen Batagarawa, suna ba shanunsu. Har yau ina ganinsa zaune a kan buzu, ya tura hula ƙeya, yana yi wa wani dattijo faɗa kamar shi ya haifi shanun.

"Ardo, ka ji tsoron Allah, kada ka tuttula masu. Ɗan kaɗan shi ke buɗe ma saniya ciki ta ci ciyawa ta yi kyau. In ka cika hannu zawo za ta yi ta zube maka, ka dawo ka ce kanwata ce ba ta da kyau."

A cikin gida kuwa Inna, mahaifiyata, ita ce mai iko da kanwa. Gajeruwar mace ce, mai saurin tafiya, mai saurin fushi, mai saurin hucewa. Da yatsu uku take gutsurarta, ba ta taɓa kuskure ba. Ta jefa a miyar kuɓewa, yauƙi ya tashi, miya ta yi shar. Ta jefa a wake, kafin a idar da hira ya yi luguf. Da ita take kashe tsamin yakuwa, da ita take kwaɓin ɗanwaken da maƙwabta ke aiko kwano tun da hantsi. In cikinka ya murɗa, ta jiƙa maka ungurnu kamar ƙwayar wake a ruwa, ka sha, ka yi gyatsa biyu, ka koma wasa. Ranar da na fara girki ina 'yar shekara goma sha ɗaya, na ga abin ba wuya, na zuba son raina. Miya ta yi baƙi, ta yi wani santsi. Inna ta ɗanɗana, ta tofar, ta kama kunnena.

"Ke, miya kike yi, ko sabulu za ki kai kasuwa?"

Wuri ɗaya ne tak wannan awon nata yake barinta, shi ne kunun jego. Ba ita kaɗai ba, duk matan zamaninta haka suka taras. Abin da aka sani shi ne mace in ta haihu jikinta a buɗe yake, sanyi na neman hanyar shiga, kuma in ya shiga ya kumbura ta sai dai wata ba ita ba. Maganinsa uku ne: ruwan zafi safe da yamma, gadon ƙasa da ake hura wa gawayi a ƙarƙashi, da kunun kanwa mai yawan kanwa, wanda aka ce yana wanke ciki, ya kori sanyi, ya kawo nono. A wannan fannin Inna ba ta da ta biyu a unguwarmu. Duk gidan da aka ji kukan jariri, kafin a yanke cibi an aiko kiranta. Da wannan ake girmama ta, da shi take taƙama.

Shekarar da na haifi babban yayanku ita ce shekarar da sojoji suka ce za su koma bariki su bar wa farar hula mulki. Lokacin Katsina tana ƙarƙashin Kaduna. Na gama kwalejin horon malamai, ina koyarwa a firamare, aurena da mahaifinku bai fi shekara da 'yan watanni ba. Garin ya cika da motoci masu lasifika, kowace jam'iyya da waƙarta, maza suna musu a bakin masallaci har a kusa rasa sahu. Amma abin da ya fi tsaya wa matan gidanmu a rai shi ne an ce a wannan karon mata ma za su jefa ƙuri'a. Inna ta ji a rediyo, ta tafa hannu.

"Ni da ban san ko bihim ba, wai ni za a tambaya wa zai riƙe ƙasa! To wallahi sai na je, ko da rarrahe."

Ta fito da zanen saƙinta na cikin adaka, ta kai aka buga shi ya yi ƙyalli, ta ninke ta ajiye tana jiran rana. Baba ya yi ta tsokanarta, wai ta yi hankali kada ta dangwala wa mai rumfar zaɓe a goshi.

Ana cikin wannan na haihu, da damina, aka kawo ni gida wanka kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari. Ba zan yi muku ƙarya ba, kwanakin farkon nan suna cikin mafi daɗin kwanakin rayuwata. Da sassafe in ji ƙarar itace a murhu da ƙamshin ganyen bedi, wato darbejiya, yana tafasa a babbar tukunya. Inna ta tsoma ganyen ta fyaɗa mini a baya, in yi ihu, ta ce in rufe mata baki, ai ba kaina farau ba. In fito jiki yana turiri, a shimfiɗa mini tabarma a gadon ƙasa mai ɗumi, a kawo farfesun ƙafar sa da gasasshen nama da yajin jego. Sannan ga kunu a sabuwar ƙwarya, na gero, ya sha citta da kanumfari da masoro, launinsa ya yi rawaya-rawaya saboda kanwa. Mata suna ta shigowa barka, ana shewa, ruwan sama yana sauka a indararo. Ni da nake 'yar auta mai shan faɗa, sai ga ni an mayar da ni sarauniya. Har yau idan na ji ƙamshin kunun kanwa a gidan wani, sai ƙwalla ta cika mini ido.

Bayan suna da kamar mako biyu na lura zobena ya ƙi fita. Daga nan sai ƙafa, ta hau har takalmi ya daina shiga. Sai tari. Sai na ga daga ɗaki zuwa banɗaki sai na tsaya na dafa bango sau biyu, ni da nake zuwa makaranta a ƙasa da tsohon ciki. Kwanciya ta gagare ni, in na miƙe sai in ji kamar an ɗora mini turmi a ƙirji, dole a tara mini matasai in jingina. Inna ta duba ƙafar, fuskarta ta canza. Ban taɓa ganin tsoro irin wannan a idonta ba.

"Sanyi ne. Ya samu hanya. Laihina ne, na yi maki sakaci."

Daga ranar ta ninka komai. Kanwar da take sakawa kamar girman ƙwai ta koma dunƙulen hannu. Kunu sau biyu ya koma sau uku. Ta shiga zaure da kanta ta ɗage tabarmar nan, ta zaɓo ungurnu mafi kyau, wadda Baba ke ɓoye wa manyan masu saye. Ta ƙara gawayi a ƙarƙashin gado har tabarma ta fara ƙauri. Ni kuwa kullum ƙara hawa nake, ita kuma kullum ƙara hannu take, don a ganinta kumburin yana nuna maganin bai isa ba ne.

Allah ya kawo Dije. Tare muka yi firamare, ita ta wuce aikin jinya, tana babban asibiti. Ta zo barka a makare, da 'yar rigar jariri a jaka, tana ba da haƙuri tun daga ƙofa. Da ta gan ni sai ta ajiye jakar. Ta durƙusa ta danna ƙwaurina da babban yatsa, ta ɗaga. Ramin ya zauna kamar an danna tuwo. Ta kama wuyan hannuna tana ƙirga bugun jinina, sannan ta leƙa ƙwaryar da ke gefena.

"Wanga kike sha? Sau nawa?"

Na ce sau uku.

"Binta, ba sanyi ba ne. Ruwa ne ya taru a jikinki, zuciyarki ta gaji da tura shi. Kanwa tana riƙe ruwa kamar yadda gishiri ke yi. Ki bar kunun ga yau, ki sauka daga gadon ga, a kai ki asibiti."

Ashe Inna tana bakin ƙofa. Ta shigo tana goge hannu da gefen zane, ta dubi Dije daga sama har ƙasa.

"Dije, yaushe aka haihe ki? Ni na yi ma uwarki wanka, da hannun ga na dama mata kunun da ya kawo nonon da kika sha. Yau don kin sa hwarar riga za ki shigo ɗakina ki ce guba nike ba ɗiyata?"

Dije ta ce ba haka take nufi ba, kaɗan ba ya komai, yawan ne. Inna ta ce ta gode da barka, a gaida mutanen gida. Kowa ya san ma'anar wannan.

Da yamma na yi ta maza na ce na ƙoshi. Na zaci za ta yi faɗa, na ma shirya wa faɗan. Sai ta zauna a gefen gadon, ta ɗebo a ludayi, ta hura, ta kawo bakina kamar yadda take yi mini ina yarinya.

"Sha, ɗiyata. Don girman Allah. Ludayi guda, ki taimake ni."

Na shanye ƙwaryar tas. Ku da kuke ganin ni mai taurin kai ce, ku gaya mini yadda ake ture hannun uwa a irin wannan hali.

Dije ba ta tsaya nan ba, ta je ta sami mahaifinku a ofishinsu na gona. Shi kuma surukin kirki ne mai kunya, ba zai iya wuce zaure ba, sai ya zube gaban Baba ya faɗa masa duk abin da aka ce. Baba, wanda tunda na zo bai taɓa leƙa ɗakin jego ba, ya yi gyaran murya ya shigo. Ya daɗe yana duban ƙafata. Ya fita tsakar gida ya ce wa Inna, a hankali, ko za a ɗan rage kanwar a gani.

"Alhaji, na taɓa shiga zaurenka na ce ga yadda za ka saida ma Hilani? To ka bar mani nawa."

Mutumin da ya shekara talatin yana koya wa makiyaya awo, sai ya juya ya koma zaurensa. Amma washegari, da Inna ta shiga maƙwabta, ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa, bai ko dube ni ba.

"Jibi su Innarki za su tahi zaɓe tun da sahe. Ni ma layi zan bi. Zaure a buɗe zan bar shi. Mijinki ya ce zai iya aro mota, amma ba ya zuwa sai in ke kika ce. Ni ban ji ba, ban gani ba."

Ina so ku riƙe wannan da kyau, don an sha ɗora wa mahaifinku laifin da ba nasa ba. Ba shi ya ɗauke ni ba. Ni na ce ya zo. Na san sarai abin da nake yi: mai jego ta fita kafin arba'in, daga hannun uwarta, uwar da duk unguwa ke kira, wannan kamar na hau kan katanga ne na yi shela cewa Inna ba ta iya ba. Na dubi yayanku yana barci, ko wata guda bai cika ba, na ji numfashina yana fita da ƙyar, na ce wa Baba to.

Ranar zaɓe Inna ta yi mini wanka da wuri, ta ɗora ruwan yamma a kan wuta kaɗan-kaɗan, ta dama kunu ta rufe da faifai ta ajiye mini. Sannan ta ɗaura saƙin nan, ta sa kwalli, ta kafa ɗauri. Ta tsaya a ƙofar ɗakina ta juya.

"Na yi kyau? Kada gwamnati ta ce an aiko mata tsohuwa."

Na ce ta yi kyau ƙwarai. Gaskiya na faɗa, ban taɓa ganinta cikin farin ciki irin na safiyar nan ba. Ta ce in shanye kafin ya huce, ta fita, ina jin dariyarsu ita da matan maƙwabta har suka sha kwana. Ba a jima ba na ji ƙarar mota. Dije ta ɗauki jariri, mahaifinku ya tallafe ni, muka bi ta cikin zauren kanwa muka fita. Ban taɓa faifan nan ba.

Likitan Ba'indiye ne, dattijo mai tabarau. Ya saurari ƙirjina, ya saurari bayana, ya tambayi kanwa nawa ake sakawa. Na dunƙule hannu na nuna masa. Ya cire tabarau ya ce, a mako? Na ce a kowane damu. Ya girgiza kai. Ya ce shi ma a ƙasarsu ana jefa irin wannan a girki, ɗan abin da yatsa ya ɗauka ba ya cutar da mai lafiya, ƙoda za ta fitar da shi. Amma zuciyar da ta gama ɗaukar ciki wata tara, a bi ta da dunƙule uku kullum, ga zafin wuta ga zafin ruwa, an ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta. Ya ce da na ƙara mako ɗaya ko biyu, da ba asibiti za a kai ni ba. Aka ba ni ƙwayoyi, na yi ta fitsari kamar an buɗe famfo. Kwana shida zobe ya fita da kansa. Kwana goma na kwanta a miƙe na yi barci.

Abin da ya faru a gida Baba ne ya gaya mini daga baya. Inna ta dawo tana ba da labarin akwatin zaɓe tun daga zaure, ta ɗaga labule, ta ga gado wayam, ga kunu ya yi sanyi. Ta zauna a dokin ƙofa da saƙinta, ba ta tashi ba sai da aka kira la'asar. Kafin kwana biyu magana ta zaga unguwa, kowa da irin tasa. Ba ta zo asibiti ba ko sau ɗaya. Amma kullum da azahar sai ga Baba, babban Alhaji da shi, riƙe da kwano a ɗaure da ƙyalle. Abinci lami, ba gishiri ba kanwa. Na ɗauka fushi ne, horo take yi mini. Sai da aka sallame ni Dije ta ce ai Inna ce ta yafa mayafi ta je har gidansu, gidan yarinyar da ta kora, ta tsaya a tsaye ta tambaye ta me ake ba mai irin ciwona.

Daga asibiti gidan mahaifinku na wuce. Kunya ta hana ni zuwa Ƙofar Marusa har aka yi girbi, sojoji suka miƙa mulki, aka daina jin lasifika. A tsakanin nan an haihu a gida uku a unguwarmu, an aiko kiran Inna, ta ce ba ta jin daɗi. Mutane suka ce ni na karya ta.

Ranar da na je, da hantsi ne, na same ta a gindin bango tana tsintar wake a faifai. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa duk gaisuwar, lafiya lau, lafiya lau, kamar ta baƙuwa. Ta karɓi yaron ta yi masa wasa, ni ko kallo. Can ta ce in miƙo ƙafata. Ta sa babban yatsa ta danna ƙwaurina, ta ɗaga, ta zuba wa wurin ido. Ba rami.

"Mi likitan ya ce? Hwaɗa mani duka, kada ki rage."

Na faɗa mata, ina ta sassautawa, ina cewa ai kowa haka yake yi, ai kaɗan ɗin ma magani ne. Ba ta katse ni ba.

Akwai wadda ban ambata muku ba, don a gidanmu ba a ambatonta. Inna tana da 'yar fari mace, ta girme ni da shekaru da yawa. Ta rasu ina 'yar shekara biyar, abin da kawai na sani shi ne bayan haihuwa ne. Inna, saboda kunyar ɗan fari, ko tana da rai ba ta taɓa kama sunanta ba. Ranar nan ta kama.

"Hajara ma haka ta kumbura. A ɗakin da kika kwanta. Tun ranar da aka ɗauke ta nike cewa ban sa isasshiya ba, na yi mata rowa, sanyi ya hi ƙarhina. Da na ga ƙahwarki na yi ma Allah alkawari ba za a kuma ba." Ta ajiye faifan. "Ke da kika yi karatu, ki gaya mani gaskiya. Ni ce?"

Na ce, "Inna, kwananta ne ya ƙare."

"Na san kwananta ya ƙare. Ba shi na tambaye ki ba."

Ta dube ni, ta daɗe tana dubana, sannan ta gyaɗa kai, ta ɗauki faifanta ta ci gaba da tsintar wake. Bayan wani lokaci ta ce in tashi in ɗora mana ruwa, rana na yi.

Ta yi shekaru masu yawa bayan nan, ta goya ku duka, ta yi muku ɗanwake, amma ba ta sake dama wa wata mai jego kunu ba, ba ta kuma sake yi mini wannan tambayar ba. Ban taɓa nadamar shiga motar nan ba, da ban shiga ba da babu ko ɗayanku sai babban. Amma abin yana ci mini rai har gobe. Da na mutu a ɗakin nan, da Inna ta yi kuka ta ce sanyi ne. Na rayu, shi ya sa ta sani.